PlayStation 2, PlayStation ta Farko, Sega Mega Drive ko Super Nintendo: Wace Tsohuwar Na'urar Gem Ta Cancanci Kuɗinka?

Yaran da suka cika gidajen gem na Kano, Kaduna, Jos da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, inda wanda aka ci a ƙwallo yake miƙa fad, wato abin riƙewa mai maɓallai da ake wasa da shi, ya koma layi, su ne magidantan yau, kuma da dama daga cikinsu suna sha'awar ajiye irin waccan na'ura a gida, ko don kansu ko don 'ya'yansu. Sai dai an daɗe da daina ƙera su, domin ko PlayStation 2 da ta fi sauran ƙuruciya, kamfanin Sony ya tabbatar da dakatar da ƙera ta a farkon 2013. Ke nan duk wadda mutum zai samu ta hannu ce, wani ya more ta shekara da shekaru kafin ta iso kasuwarmu. Abin da nake so mai saye ya riƙe tun daga farko shi ne, kuɗin na'urar kanta shi ne ƙaramin ɓangare na lissafi. Wasannin da za a buga, da fad, da kayan wuta, da samun mai gyara a kusa, su ne ke tabbatar da ko za a ji daɗinta ko kuwa za ta ƙare a ƙarƙashin gado.

Ma'aunan da za a duba

Na farko farashi, kuma ina nufin jimillar abin da zai fita daga aljihu kafin mutum biyu su zauna su yi wasa: na'ura, fad biyu, wayar talabijin, adafta, abin adana wasa, da aƙalla wasanni uku ko huɗu. Farashin kayan tokumbo yana bin dala yana hawa da sauka, saboda haka abin da ya fi amfani shi ne a san wadda ta fi wata tsada da kuma dalilin hakan.

Na biyu ƙarko. Na'urorin nan iri biyu ne, masu kaset da masu faifai. Mai kaset ba ta da wani abu mai motsi a cikinta, mai faifai kuwa tana da mota mai juya faifan da ido mai karanta shi, kuma waɗannan biyun suna gajiya da shekaru. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna ƙara musu saurin tsufa a ƙasarmu.

Na uku wuta da talabijin, kuma a nan aka fi yin asara. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 240, alhali ta Japan 100 ce, ta Amurka kuma 120. Na'urar da aka ƙera wa Japan ko Amurka, idan aka soka ta kai tsaye a bango ba tare da taransifomar rage wuta ba, tana iya ƙonewa nan take. Haka kuma akwai bambancin tsarin hoto: Najeriya da Ingila da yawancin Turai suna kan tsarin PAL, Japan da Amurka suna kan NTSC, kuma tsohon talabijin da bai san NTSC ba yakan nuna hoton baƙi da fari ko ya riƙa birgima. Dukkan na'urori huɗun suna aiki da wayar nan mai kai uku, rawaya da ja da fari, amma talabijin na bango da yawa na yanzu ba su da ramukanta, sai an sayi ƙaramin akwati mai mayar da hoton zuwa HDMI. Masu arha daga cikin akwatunan nan sukan dusashe hoto, su kuma kawo ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin da ake gani. Wanda yake da tsohon talabijin mai ƙeya da ke aiki, ya riƙe shi da kyau, domin dominsa aka zana waɗannan wasanni, kuma a kansa suka fi kyan gani.

Na huɗu samun wasanni da gyara. Na biyar haɗari, wato jabu, da kulle na yanki, da lahanin da ba ya bayyana sai an kai gida.

PlayStation 2

Ta fito a Japan ranar 4 ga Maris 2000, ta isa Amurka da Turai a ƙarshen shekarar, kuma an sayar da fiye da miliyan 155, adadin da ya sa ta cikin na'urorin gem mafi kasuwa a tarihi. Wannan yawan shi ne babban abin da ke taimakon mai saye a yau. Ana samun ta a kasuwar Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas da kusan kowane babban gari, fad ɗinta da memorinta mai megabait 8 da wayoyinta suna ko'ina, kuma masu gyaran da suka san cikinta ba su yi wuya ba, tunda gidajen gem sun daɗe suna kai musu aiki. Farashinta matsakaici ne, amma idan aka haɗa jimillar kayan aiki, sau da yawa ita ce ke fitowa mafi sauƙi.

Iri biyu ce, kuma bambancinsu ya cancanci a tsaya a kansa. Babbar, mai tire da ke fitowa, ta fi nauyi da ƙwari, tana da fanka babba, kuma samfuran da lambarsu ta fara da SCPH-3 ko SCPH-5 suna da gurbi a baya da ake saka rumbun ajiya irin na kwamfuta ta hanyar adaftar sadarwa. Rauninta shi ne kayan wutarta a ciki suke kuma na yanki ɗaya ne, don haka dole a karanta takardar da ke bayanta a ga ƙarfin wutar da aka rubuta. Ƙurar da take zuƙa ma ba kaɗan ba ce, kuma bel ɗin tirenta yakan saki. Siririyar, wadda ta fito a 2004, ba ta cin wuri, ba ta da ƙara sosai, kuma adaftarta ta asali mai bolt 8.5 tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, abin da ke kawar da fargabar ƙonewa. Amma tana da wani lahani da ya shahara: siririyar wayar da ke manne da idonta takan ɗago idan gam ɗinta ya saki, sai ta riƙa yi wa faifai zane mai zagaye. Mai saye ya buɗe murfin ya duba wayar, ya kuma duba bayan faifan da aka yi gwaji da shi.

Lambar ƙarshe ta samfurin tana faɗin inda aka ƙera wa na'urar: 0 Japan, 1 Amurka, 3 Ingila, 4 sauran Turai. Ga mai zama a Najeriya, mai 3 ko 4 ta fi kwanciyar hankali. Ciwon da ya fi damun PlayStation 2 gaba ɗaya shi ne mutuwar ido, wanda ke fara da jinkirin karanta faifai, ya ƙare da saƙon kasa karantawa a kan allo. Ana samun idon canji, amma ingancinsa ya bambanta ƙwarai. Saboda haka ne da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa a yanzu an shirya su su ɗauko wasa daga filasha ko rumbun ajiya ta manhajar Free McBoot da Open PS2 Loader. Tsarin yana hutar da ido, amma ramin USB na na'urar tsohon samfuri ne mai tafiyar hawainiya, shi ya sa bidiyon cikin wasanni yakan riƙa sarƙewa, rumbun ajiya na cikin babbar kuwa ba ya yin haka. Ya kamata kuma mai saye ya sani cewa wasannin da aka loda ba tare da faifan asali ba kwafi ne na kayan da ke da haƙƙin mallaka.

Ta fuskar wasanni babu mai kama ƙafarta. Pro Evolution Soccer 6 na 2006 har yau yana da masoya, kuma jerin ya ci gaba da fitowa a kanta har zuwa 2013. Akwai Gran Turismo 4, da Tekken 5, da Need for Speed, ga shi tana buga mafi yawan faya-fayan PlayStation ta farko, tana kuma nuna DVD. Iyaye su lura da cewa God of War da Grand Theft Auto: San Andreas, waɗanda masu lodi kan sa a gaba, an yi su ne don manya, kuma akwai zubar da jini da abubuwan da ba su dace da yara ba a cikinsu.

PlayStation ta farko

Ta fito a Japan ranar 3 ga Disamba 1994, a Amurka da Turai kuma a Satumba 1995, an sayar da fiye da miliyan 100. Yawanci ita ce mafi arha a cikin huɗun, kuma wasanninta irin su Tekken 3, Crash Bandicoot, Winning Eleven da Final Fantasy VII suna da matsayi a zukatan mutane da yawa. Duk da haka ba na ba da shawarar sayenta sai da dalili na musamman. Samfuran farko, SCPH-1000 zuwa 1002, an san su da lalacewar abin da idon ke tafiya a kai, domin na roba ne kuma yana kusa da kayan wuta masu zafi, har ta kai masu ita suna kifa ta kafin ta yarda ta karanta faifai. Samfuran baya sun gyara wannan, kuma ƙaramar PSone ta shekarar 2000 ta fi su duka ƙuruciya, amma ko ita idonta ya haura shekara 20. Idan ido ya mutu, babu hanya mai sauƙi ta kauce masa kamar yadda ake yi a PlayStation 2. Tunda ƙanwarta PlayStation 2 tana buga faya-fayanta, ƙarin kuɗi kaɗan yana ba mutum na'ura biyu a jiki ɗaya, da sharaɗin ya nemi memorin PlayStation ta farko, domin wasanninta ba sa adanuwa a memorin ta biyu.

Sega Mega Drive

Ta fito a Japan a 1988, a Amurka a 1989 da sunan Genesis, a Turai kuma a 1990, an sayar da kimanin miliyan 30. A wajen ƙarko ita nake sa wa a gaba. Ba ta da ido, ba ta da fanka, kuma mafi yawan abin da ake ɗauka lalacewa ne dattin bakin kaset ne kawai, wanda auduga da ɗan sifirit ke gogewa. Hura kaset da baki, da muka saba gani, yana sa masa danshi ne ya jawo tsatsa. Abin da kan lalace shi ne ramin adafta da ke sakin dalma, da kafasitocin da suka tsufa, kuma duk mai gyaran rediyo da ya ƙware zai iya magance su. Ba ta cin wuta, ƙaramar inbata ko sola tana ɗaukar ta.

Samfuri biyu aka fi gani. Na farko ya fi girma, yana da ramin iyafis da maɓallin ƙara sauti a gaba, na biyu na 1993 ya fi ƙanƙanta. Adaftocinsu da wayoyin talabijin ɗinsu ba ɗaya ba ne, ba a musanya su. Wasanninta masu saurin shiga rai ne, ana kunnawa a fara ba jiran lodi: Sonic the Hedgehog na 1991, Streets of Rage 2 da mutum biyu ke bugawa tare, da Mortal Kombat, wanda jinin da ke cikinsa yana daga cikin abubuwan da suka kai ga zaman majalisar dattawan Amurka a 1993 da kafa hukumar ESRB mai tantance shekarun 'yan wasa a 1994. Ga wasannin faɗa, fad mai maɓalli shida ya fi mai uku nesa ba kusa ba.

Matsalarta biyu ce. Ta farko jabu: an kwaikwayi siffarta sosai, har da sunan a jiki, kuma irin waɗannan sukan zo da sauti maras daɗi da fad da ba ya jimawa. Ta asali tana da ɗan nauyi a hannu, da takarda mai lambar samfuri a ƙarƙashinta, rubutun jikinta kuma tsaf yake. Ta biyu ƙarancin kaset na asali a kasuwanninmu. Abin da ya fi yawa shi ne kaset mai tarin wasanni a ciki, wanda yawancinsu maimaici ne. Akwai kaset na zamani irin EverDrive da ake sa wa katin memori, amma farashinsa na iya kai na na'urar ko ya wuce. Sai kuma wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: samfurin Turai yana tafiyar da wasanni da yawa a hankali da kusan kashi 17 cikin 100 idan aka kwatanta da na Amurka da Japan, saboda bambancin tsarin hoto. Wanda ya taso da na Turai ba zai ji komai ba.

Super Nintendo

Ta fito a Japan a Nuwamba 1990 da sunan Super Famicom, a Amurka a 1991, a Turai a 1992, an sayar da kimanin miliyan 49. A ganina, wasanninta sun fi na kowace na'ura mai kaset jure wa zamani: Super Mario World, Super Mario Kart, Donkey Kong Country na 1994, Street Fighter II, da International Superstar Soccer na kamfanin Konami. Mafi yawansu yaro zai iya bugawa a gaban iyayensa ba tare da an kau da kai ba. Amma ita ce mafi tsada da wuyar samu, domin masu tara tsofaffin kaya a Turai da Amurka suna rububin ta, kuma wani kaset ɗin shi kaɗai ya fi na'urar kuɗi. Sau da yawa sai an yi odar ta daga waje, ga kuɗin dako, ga rashin damar gwaji kafin biya.

Jikinta kan koma rawaya da shekaru, robar ta yi gautsi, amma wannan bai shafi aikinta ba. Abin tsoro shi ne mutuwar ɗaya daga cikin manyan cif-cif na ciki, wato ƙananan sassan lantarki da ke sarrafa aikinta, wanda ke bayyana da baƙin allo ko hoto a hargitse, kuma ba a ƙera madadinsu, sai dai a ciro daga wata na'urar. Akwai tarkon adafta da ya kamata kowa ya sani: samfurin Turai yana amfani da adafta mai fitar da wutar AC, na Japan kuwa DC yake so, kuma sa wa na Japan adaftar Turai na iya kashe shi. Kaset ɗin Amurka siffarsa daban ce da na Japan da Turai, kuma ko waɗannan biyun da suka yi kama, akwai kulle a ciki da ke hana na wani yanki aiki a wani. Kaset masu adana wasa suna da ƙaramin batir a ciki wanda yawanci ya riga ya mutu, sai an canza shi da dalma.

| Ma'auni | PlayStation 2 | PlayStation ta farko | Mega Drive | Super Nintendo |
|---|---|---|---|---|
| Shekarar fitowa | 2000 | 1994 | 1988 | 1990 |
| Abin wasa | faifai | faifai | kaset | kaset |
| Kuɗin na'ura | matsakaici | ƙasa | matsakaici | sama |
| Kuɗin wasanni | ƙasa | ƙasa | matsakaici zuwa sama | sama sosai |
| Ƙarko | matsakaici | mafi rauni | mafi ƙarfi | mai kyau |
| Samun mai gyara | da sauƙi | matsakaici | matsakaici | da wuya |
| Babban haɗari | mutuwar ido | mutuwar ido | jabu | adafta da cif |

Akwai hanya ta biyar da ta cancanci ambato a taƙaice, wato ƙananan na'urorin da kamfanonin da kansu suka sake fitarwa da wasanni a ciki: SNES Classic ta 2017 mai wasanni 21, PlayStation Classic ta 2018 mai 20, da Mega Drive Mini ta 2019 mai 42. Suna shiga HDMI kai tsaye, suna aiki da wutar USB, amma ba sa karɓar kaset ko faifai, an daina ƙera su, kuma na bogi sun cika kasuwa, musamman na Nintendo.

Gwaji kafin biya

Kowace aka zaɓa, kada kuɗi ya bar hannu sai an kunna ta a gaban mai saye. A bar ta tana aiki kamar minti ashirin ko talatin, domin wasu lahanin sai ta ɗauki zafi suke fitowa. A gwada ramukan fad biyun, a danna kowane maɓalli, a adana wasa a memori a kashe a sake kunnawa a ga ko yana nan. Ga mai faifai, a gwada fiye da ɗaya, kuma a PlayStation 2 a gwada mai shuɗin baya da mai farin baya, domin na farko CD ne na biyu DVD, kuma ido kan gaza a ɗaya ya bar ɗayan. A duba kusoshin ƙasa a ga ko an sha kwance ta, a shinshina ramin iska ko akwai warin ƙuna. A nemi mai shago ya ba da 'yan kwanaki na garanti a rubuce a rasit. Wanda ya ƙi yarda a yi gwaji, a bar masa kayansa. A gida kuma a haɗa ta da sitabilaiza, a zare ta daga bango idan an ɗauke wuta ko za a tayar da janareta, a rufe ta da ƙyalle idan ba a amfani da ita.

Wace ta dace da wa

Wanda yake son ƙwallo da tsere da faɗa tare da abokai, kuma yake son idan abu ya lalace ya samu gyara a garinsu, ya sayi PlayStation 2. Idan wuri da sauƙin wuta ne damuwarsa, siririyar ta ishe shi. Idan kuma na'urar za ta yi aiki sa'o'i da yawa a kullum, kamar a gidan gem ko gida mai samari da yawa, babbar samfurin Turai ta fi dacewa.

Magidancin da ke nema wa ƙananan yara abin wasa mai tsafta, wanda ba ya buƙatar intanet kuma zai jure faɗuwa da ƙura, Mega Drive ta asali ta fi masa, ya zaɓi kaset ɗin da kansa. Idan aljihunsa da ƙarfi kuma yana da amintaccen da zai gwada masa a waje kafin a aiko, Super Nintendo samfurin Turai tare da adaftarta ta asali za ta ba yaran wasannin da suka fi kyau.

Mai talabijin na bango kawai, wanda ba ya son wahalar wayoyi da dalma, ya nemi ɗaya daga cikin ƙananan na zamani, Mega Drive Mini ce ta fi yawan wasanni, amma ya tabbatar ta asali ce. PlayStation ta farko kuwa ta mai tara kayan tarihi ce, ko wanda yake da faya-fayansa na asali a ajiye kuma yake son ya sake jin sautin buɗewarta a kan na'urar da ya sani. Shi ma ya nemi PSone ko samfurin SCPH-5502 zuwa sama, ya sayi idon canji ya ajiye tun yana samuwa.